Bizar aikina ta kusa ƙarewa a Birtaniya: in sabunta ko in nemi zaman dindindin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham, da bizar ma'aikatan lafiya na shigo. Saura wata biyu bizar ta ƙare, kuma kusan a lokacin nake cika shekara biyar. In sabunta ne ko in nemi zaman dindindin kai tsaye? Ga kuma bikin ƙanwata a Kano da nake so in halarta.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kalmar "kusan" ɗin nan da kika faɗa ita ce abin dubawa, don haka ki zauna ki ƙirga kwanakinki ɗaya bayan ɗaya.

Izinin zaman dindindin, wato ILR, ana neman sa ne bayan shekara 5 a jere kan bizar aiki, kuma an yarda ki shigar da buƙatarki kwana 28 kafin cikar shekarun. Idan kika yi gaggawa kika riga wannan lokaci, za a iya ƙin buƙatar, kuɗin kuma ba ya dawowa. A shekarar 2025 kuɗin ya kai fam 3,029 ga kowane mutum, ba abin wasa ba ne. Ana iya fara ƙirgar daga ranar da aka ba ki bizar, ko da kin ɗan jima kafin ki iso ƙasar. Amma shekarun da mutum ya yi da bizar karatu ba sa shiga wannan lissafi.

Idan bizarki za ta ƙare kafin ki shiga kwanakin 28 ɗin, to ba makawa sai kin sabunta, da sabuwar takardar ɗaukar nauyi daga wurin aikinki. Na san kuɗi biyu ke nan, kuma da ciwo, amma ya fi ki kwana ɗaya a ƙasar ba izini. Wanda ya bari bizarsa ta ƙare ya rasa damar yin aiki nan take.

Idan kuwa kin shigar kafin ranar ƙarewar, hankalinki ya kwanta. Sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 yana tsawaita izininki har a yanke hukunci, ki ci gaba da aikinki kamar yadda kika saba, ko da jiran ya kai wata 6.

Sai batun biki, kuma a nan nake roƙonki ki saurare ni. Muddin buƙatarki na gaban Ma'aikatar Cikin Gida, kika fita daga Birtaniya zuwa Najeriya, za a ɗauka kin janye ta. Idan bizar ta riga ta ƙare a lokacin, ba ki da abin da za ki dawo da shi. Ko dai ki je ki dawo kafin ki shigar, ko ki biya ƙarin kuɗi a duba miki cikin kwanakin aiki 5, ko ki ba 'yan gida haƙuri. Ki kuma tabbata tafiye-tafiyenki ba su wuce kwana 180 a cikin kowane wata 12 ba.

Tun yanzu ki yi rajistar jarrabawar Life in the UK, wato ta sanin rayuwar Birtaniya da ake buƙata don zaman dindindin: tambaya 24 ce, ana son ki ci 18. Ki nemi wasiƙa daga asibitinku da ke nuna har yanzu suna buƙatarki, da albashin da ake biyanki. Ofisoshin ma'aikata kan yi jinkiri, kada ki bari sai makon ƙarshe.

A watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana niyyarta ta mayar da shekarun zuwa 10 ga yawancin baƙi. Saboda haka ki duba ƙa'idar da ke aiki a shafin gov.uk kafin ki biya ko sisi, kuma ranar da kika cancanta ki shigar, kada ki ɗaga saboda biki.