Me Ya Kawo Zancen Kyau Cikin Littafin Allah?

Wata ɗaliba da ke karatu a Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, musu muka yi da wani ɗan ajinmu. Ya ce Alƙur'ani da Baibul duk suna zancen kyan sura da manyan idanu, wai wannan ya nuna mutane ne suka tsara su, don ina ruwan Allah da kyan fuska. Na rasa amsar da zan ba shi. Shin kalmar 'kyau' da muke gani a fassara, kyan jiki take nufi?"

'Yata, na ji daɗi da kika biyo da tambayar ta wajen kalma, domin a nan bakin zaren yake. Fatawa ta malaman tafsiri ce. Ni zan tsaya ga abin da harshe ya nuna, kuma abin da ya nuna ɗin yana da yawa.

Mu fara da namu. Bahaushe ya ɗauki kalma ɗaya, kyau, ya ɗora mata kaya biyu. Yarinya tana da kyau, damina ta yi kyau, abin da ka yi wa maƙwabcinka bai yi kyau ba. Na farko ido ne ya gani, na ƙarshe hankali ne ya auna, amma kalmar ba ta sauya ba. Daga gare ta aka sami kyakkyawa da kyawawa, yadda zafi ya ba da zazzafa da zafafa. Daga gare ta kuma aka sami "ka kyauta" da kyautatawa da "ya kyautu". Kishiyarta ma haka take tafiya: muni, mummuna, har munana zato. Larabci shi ma haka ya yi da husnu. Ita ce kyan fuska, kuma daga saiwarta ihsani ya tsiro, da muhsini, da sunayen tagwayenmu, Hassan da Husaini da Hasana. A Ibrananci ma, kalmar da Littafin Farawa na Baibul ya yi ta maimaitawa a babin farko, inda aka ce Allah ya ga abin da ya halitta yana da kyau, ita ce aka sake kawowa a babi na 24 wajen faɗin kyan Rifkatu, wadda ta zama matar Ishaku. Saboda haka duk inda kika ga "kyau" a fassara, ki tsaya ki duba wane kyan ake nufi kafin ki yanke hukunci.

Yanzu ki buɗe Suratu Yusuf, tunda in ana zancen kyau shi ne ke fara zuwa bakin kowa. Ayoyinta 111. Ki karanta daga farko har ƙarshe, ki nemo mini inda aka siffanta hancinsa, ko launin fatarsa, ko tsayinsa. Babu. Ba a ma ce "Yusuf kyakkyawa ne" kai tsaye ba. Abin da aka ba mu yana aya ta 31. Matar Azizu, maigidan Yusuf a Masar, ta gayyato matan birni da suke gulmarta, ta miƙa wa kowace wuƙa, ta ce masa ya fito gare su. Da suka gan shi suka girmama shi, suka yayyanke hannayensu, suka ce wannan ba mutum ba ne, wannan mala'ika ne mai daraja. Shi ke nan. An nuna mana ɓarnar da ganinsa ya yi, an bar fuskar a rufe. Zancen cewa an ba shi rabin kyau a hadisin Isra'i ya zo, cikin Sahihu Muslim, ba a cikin surar ba.

To ina saiwar husnu ta shiga a surar? Sau biyar aka kawo kalmar muhsinina, masu kyautatawa, a ayoyi na 22, 36, 56, 78 da 90, duk a kan sha'anin Yusuf. Biyu daga ciki ina so ki riƙe. Samarin da aka ɗaure tare da shi a kurkuku suka ce masa, "muna ganin ka cikin masu kyautatawa." 'Yan'uwansa, lokacin da ba su gane shi ba, suka faɗi wannan magana daidai. Kin lura? Mata sun gani sun yanke hannu. Fursunoni su ma gani suka yi, amma abin da suka gani shi ne kyautatawa. Wannan wasa tsakanin kyau da kyautatawa Hausa tana ɗauke shi ba tare da ya zube ba, abin da harsuna da yawa ba sa iyawa, kuma duk lokacin da na zo wajen ina jin daɗin harshen da aka haife ni a cikinsa.

Akwai ɗaya kalmar ta Larabci, jamil, wadda muka samo Jamilu da Jamila daga gare ta. Sau biyu ta zo a surar, aya ta 18 da ta 83, kuma ba a kan fuskar ɗan ba. A bakin uban ta fito, Annabi Yaƙubu, yana cewa sabrun jamil, haƙuri kyakkyawa. A dukan Alƙur'ani sau bakwai aka kawo ta, kuma ko sau ɗaya ba a siffanta jikin mutum da ita ba: haƙuri kyakkyawa, yafiya kyakkyawa, ƙauracewa kyakkyawa, har sakin aure kyakkyawa. Sunan kansa, jamal, sau ɗaya tak ya zo, a Suratun Nahli aya ta 6, a kan dabbobin kiwo lokacin da ake dawo da su da yamma da lokacin da ake fita da su da safe. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruga gab da magariba, garke na shigowa cikin ƙura, maruƙa na kuka, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan aya.

Ki kwatanta wannan da yadda mawaƙan Larabawa na kafin Musulunci suke yi. Almajiran zaure da karatu ya kai su ga waƙoƙin jahiliyya sun san ƙasidar Imru'ul Ƙaisi, wanda ya rayu a ƙarni na 6. Gaɓa-gaɓa yake bin mace: wuya kamar na barewa, gashi kamar nonon dabino, ƙirji kamar madubi da aka goge. Haka ɗan Adam yake yi idan kyau ya tafi da hankalinsa, ba ya iya wucewa sai ya tsaya ya ƙirga. Mawaƙan soyayya namu na yau ma hanyar suke bi. Labarin da ya fi kowane labari ba mai magana damar yin haka shi ne na Yusuf, kuma a nan aka kame.

Ba zan ɓoye miki wurin da abokin musunki zai kafa hujja ba. Zai ce, to hurul'ini, matan Aljanna, fa? Gaskiya ne an siffanta su. A Suratul Waƙi'a an ce kamar lu'ulu'u ɓoyayye, a Suratur Rahman kamar yaƙutu da murjani, a Suratus Saffat kamar ƙwai da aka adana. Kalmar hur daga hawar take, wato ido wanda farinsa ya yi fari tas, baƙinsa ya yi baƙi wuluk. Ita kuma kalmar "in" ta cikin hurul'ini jam'i ce ta mai dara-daran idanu. Kamanta mace da ƙwai da aka adana salon Larabawa ne tsantsa. Bahaushe da ya ji ba zai gane yabo ba ne sai an yi masa bayani, kamar yadda Balarabe ba zai gane "wankan tarwaɗa" ba. Me wannan ya nuna game da asali? Ya nuna waɗanda aka fara yi wa magana, da harshen da aka yi ta da shi. Littafin kuma bai ɓoye haka ba. Aya ta 2 ta Suratu Yusuf ta ce an saukar da shi da Larabci domin ku hankalta, Suratu Ibrahim aya ta 4 ta ce ba a aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa. Wasiƙar da ta zo da Hausa tana shaida cewa mai karɓa Bahaushe ne, ba ita kaɗai za ta gaya miki wane ne ya aiko ba. A nan hujjar ɗan ajinku ta gaza. Ya ɗauka cewa wanda ya halicci ido ba zai yi zancen abin da ido ke so ba. Alhali Suratut Tin ta ce an halicci mutum a mafi kyan tsari, Suratut Tagabun ta ce Ya suranta ku, Ya kyautata surorinku. Da littafin ya yi shiru a kan abin da ke haɗa aure, ya raba zumunci, ya kai marar laifi kurkuku, da sai in ce bai san mutanen da yake yi wa magana ba.

Ki kuma lura ko a Suratur Rahman ɗin, aya ta 70 cewa ta yi khairatun hisan, wato nagartattu kyawawa. Nagarta aka gabatar, kyau ya biyo baya. Zan ƙara abu ɗaya don 'yan matanmu masu shafe-shafen bilicin: Suratur Rum aya ta 22 ta lissafa bambancin harsunanku da launukanku cikin ayoyin Allah. Ba a ware wani launi aka ce shi ne kyau ba.

*

Wani malamin firamare daga Jos, wanda ya ce shi Kirista ne, ya tambaya: "Mene ne ainihin ma'anar 'kyan ɗan maciji'? Kuma da alama karin maganarmu ba ta yarda da kyau ba, haka ne?"

Malam, ɗan maciji sumul yake, da sheƙi da zane, amma dafin uwarsa yana bakinsa. Ana faɗin maganar ga mutum ko abu mai ɗaukar ido wanda kusantarsa cuta ce. A littafinku akwai wanda ya dace da ita sarai, Absalom ɗan Dawuda. A 2 Sama'ila 14:25 an ce babu wanda ake yabo don kyau kamarsa a dukan Isra'ila, daga tafin ƙafa har ƙoƙon kai ba aibi, kuma shi ne ya tayar wa mahaifinsa. A namu kuma akwai Suratul Munafiƙun aya ta 4: idan ka gan su jikunansu su burge ka, amma kamar gumagumai ne da aka jingine. Bahaushe zai ce kallon kitse ake yi wa rogo.

Sai dai ban yarda cewa karin maganarmu tana gaba da kyau ba. Duba yadda take amfani da shi: kyan alkawari cikawa, kyan tafiya dawowa, kyan ɗa ya gaji ubansa. A duk waɗannan, kyan abu shi ne ya kai inda aka nufa da shi. Abin da Bahaushe ke tsoro shi ne kyan da bai kai ga komai ba, kwalliyar da ba ta biya kuɗin sabulu ba. Littafinku ma ta gefe biyu ya kama zancen. A 1 Sama'ila 16:7 an gaya wa Sama'ila kada ya dubi kama da tsayi, don mutum waje yake gani, Ubangiji kuwa zuciya. Ayoyi biyar kacal bayan haka aka shigo da Dawuda, aka ce kyakkyawa ne mai kyawawan idanu. An faɗi kyansa don gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin zaɓensa sarki ba. Wani abin da zai ba ka sha'awa: kalmomin Ibrananci da aka siffanta Yusufu da su a Farawa 39:6, su ne aka siffanta mahaifiyarsa Rahila da su a 29:17. Shi ta wajen uwa ya gaji nasa. Kuma daga faɗin kyansa, aya ta gaba sai matar maigidansa ta ɗora masa ido. An ambaci kyan ne don mai karatu ya gane ta inda fitinar ta shigo.

*

Wani mai buga rubutu a kwamfuta daga Maraɗi ya ce kullum yana rikicewa tsakanin "kyan hali" da "kyawun hali".

Ɗan'uwa, duka biyun Hausa ce, kada ka gyara wa kowa. Idan aka liƙa -n a ƙarshen kalma mai ƙarewa da ai ko au, wasali na biyu yakan faɗi. Shi ya sa kai ya zama kan, rai ya zama ran, mai ya zama man shanu, kyau ya zama kyan. "Kyawun" kuma daga doguwar sigar kalmar ya fito, kyawu, kuma mutane da yawa ita suka tashi da ita. A cikin karin magana dai ka bar gajeren, domin da shi aka gaje ta kuma shi ya fi zama a baki: kyan alkawari, kyan ɗan maciji. Wanda za ka guje wa shi ne rubuta "kyaun", ko da ka gan shi a wasu rubuce-rubuce, don ba haka ake furta shi ba.