Katin bashi wajen cike kafin alƙalamin gida a Amurka

Ɗan'uwa, ka ce kafin alƙalamin gidan bai cika ba, kana son cikewa da katin bashi. Don Allah kada ka fara. Bankin da zai ba ka rancen sayen gidan zai nemi bayanan asusunka na wata 2, duk kuɗin da suka shigo kwatsam sai ka faɗi tushensu, kuma na kati ba sa karɓa. Ga ruwan katin da kan haura kashi 20 cikin 100, in tsaba ka ciro tun ranar yake fara hawa. Dab da sa hannu ma sukan sake duba bashin da ke wuyanka, sabon bashi kan rusa ciniki.

Gudummawar iyaye tana shiga, muddin da takardar shaidar kyauta ce. Ka kuma tambayi tsarin FHA, wato rancen gida da gwamnatin Amurka ke tsaya wa, kafin alƙalaminsu daga kashi 3.5 cikin 100 na kuɗin gidan yake farawa.