Hukuncin shan maganin riga-kafin ƙanjamau ga matar da mijinta ke ɗauke da cutar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An gwada maigidana an same shi da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, ni kuma ba ni da ita. Ba na son rabuwa da shi, ga yara a tsakani. A asibiti sun ba ni wata ƙwaya da zan riƙa sha kullum don kada in kamu. Yayata ta ce maganin 'yan bariki ne, kuma shan magani tun ba a kamu da ciwo ba rashin tawakkali ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya saka miki da alheri.

Shan wannan magani halal ne. A halin da kike ciki ma ya fi kusa da wajibi, muddin likita ya ga akwai haɗari a kanki, domin Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka.

Maganar cewa shan sa rashin tawakkali ne ba ta da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas cewa wanda ya karya kumallo da dabinon ajwa guda 7, guba ko sihiri ba za su cutar da shi a ranar ba. Ki lura, lafiyayye aka ce ya ci, tun cutar ba ta zo ba. Haka Sayyidina Umar, da labarin annoba a Sham ya iske shi a hanya, sai ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Wa zai ce Umar ba shi da tawakkali?

Maganin shi ne likitoci ke kira PrEP. Amurka ta amince da shi a 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar amfani da shi ga masu fuskantar haɗari a 2015. Yanzu har akwai na allura. Amma da sharaɗi: sai an tabbatar ba ki da ƙwayar cutar kafin ki fara, sannan a riƙa maimaita gwajin kamar duk wata 3. Idan ana sha yau a bar gobe, kariyar takan yi rauni. Kuma ba ya hana ciwon sanyi, ba ya hana ɗaukar ciki.

Nauyi mafi girma yana kan maigidanki. Wajibi ne ya riƙe nasa maganin ba fashi, saboda hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya dage da magani har ƙwayar ta daina bayyana a awon jininsa ba ya shafa wa iyalinsa ta hanyar kwanciya. Idan da abokiyar zama, haƙƙinta ne a sanar da ita, ita ma a gwada ta. Ɓoye mata haramun ne, komai nauyin maganar.

Batun 'yan bariki kuwa, gaskiya ne akwai masu shan sa don su ji daɗin saɓon Allah. Zina haramun ce, ƙwaya ba ta halatta ta. Sai dai mugun nufin wani ba ya haramta miki abin da kike kare ranki da aurenki da shi, ayyuka kuwa da niyya suke. Ki kuma ja kunnen yayarki da lalama kada ta yi wa surukinta mummunan zato, domin cutar nan ana ɗaukar ta ta ƙarin jini, ko allura da askar da ba a tsabtace ba. Sirrin mijinki amana ne, kada ya wuce waɗanda dole su sani.

Wallahu a'alam.