Amsa ga ƙanwata a Agege kan matsayin ra'i a binciken tafiyar da asibiti

Ƙanwata, saƙonki ya same ni a nan Ingila. Kin ce kina neman gurbin digiri na biyu a fannin tafiyar da harkokin lafiya, amma an dawo miki da tsarin bincikenki saboda ba ki ɗora shi a kan wani ra'i ba, wato tsararren bayanin masana kan yadda abu ke faruwa, alhali kin shekara da shekaru kina aikin jinya a Legas, matsalolin kuma da idonki kika gan su.

Ban musa ba, sai dai abin da ake gani a ɗakin haihuwa yana da yawa, ra'i kuwa shi ne zai ware miki abin da za ki auna da dalilin auna shi. Tunda mutuwar mata wajen haihuwa ce ta dame ki, ki duba ra'in jinkiri uku da masu bincike Thaddeus da Maine suka fitar a 1994. Ɗauki matar da naƙuda ta kama da la'asar, maigida yana kasuwar Mile 12, ana ta jiran izininsa. Bayan ya amince, mota ta maƙale a cunkoso har magariba. Da aka isa asibiti kuma aka ce a yanki kati tukuna, a nemo mai ba da jini. A bakin mutane duka "an makara" ne, amma jinkiri uku ne mabambanta: na yanke shawarar zuwa asibiti, na isa can, da na samun kulawa bayan an isa, kuma na ukun ne ke wuyan masu tafiyar da asibiti. Wajen bincikar wannan na ukun, tsarin masanin lafiya Donabedian na 1966 zai taimake ki, domin ya raba ingancin kulawa gida uku: abin da asibiti ya mallaka na ma'aikata da kayan aiki, yadda ake gudanar da aikin, da sakamakonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ki ɗauko ra'i ki ajiye a babi na biyu don cika sharaɗi. Ki gwada shi a kan Bahaushiyar da ba ta jin Yarbanci ko Turanci, wadda ta tsaya gaban ma'aikaciyar jinya ta kasa bayyana cewa jini ne ke zuba. Idan kika gano cewa harshe na tsawaita jinkiri na uku, kin ƙara wa ra'in wani abu, kuma irin wannan gudummawar malamai a nan suke nema.

Ki sake rubuta shafin farko a kan haka, ki turo mini in duba kafin ki mayar musu.