Amsa ga ɗan'uwan da bayan dokinsa ya ƙi cika

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a bargarka.

Ka ce ingarmanka ɗan shekara 7 ne, a Maigatari ka sayo shi bara, kullum kana ba shi gero kwano guda da dussa, kana kuma fita sukuwa da shi sau biyu a mako. Duk da haka ciki ne kawai ke girma, ƙashin baya a tsaye, kuturi ya zube, ga hawan sallah saura mako biyar. Kana tambaya ko ka ƙara masa geron. Na ga wasu har sun fara ce maka ka ninka. Ni dai shawarata kada ka ƙara ko da cikin tafin hannu.

Gero da dawa da masara ƙarfi suke bai wa doki, abin da ya yi saura kuma ya koma kitse. Naman da kake nema, wanda ke kwance dama da hagun ƙashin baya tun daga kafaɗa har kuturi, tsoka ce, kuma ba ta tsirowa sai abu biyu sun haɗu: furotin (sinadarin gina jiki) mai kyau a komi, da aikin da zai tilasta wa ita wannan tsokar motsi. A yadda ka bayyana, naka bai samu ko ɗaya ba. Dokin da aka cusa wa hatsi zai iya yin sheƙi, wuyansa ya yi kauri, amma ka ɗora tafin hannunka a bayansa inda sirdi ke zama. Idan hannun ya kwanta a shimfiɗe ya ji abu mai tauri yana turo shi, tsoka ce. Idan ya zame gefe ya faɗa kwari, to babu ita, komai ƙibar sauran jikin.

Kafin ma a zo ga abinci, je ka tsuguna ka duba kashinsa gobe da safe. In ka ga kaji sun yi dafifi a kai suna tsintar ƙwayar gero sukutum, geron nan wucewa yake yi. Duba komi kuma: akwai dunƙulen ciyawa da ya tauna ya tofar, jiƙe da yawu? Wannan haƙori ne. Haƙoran doki kan ci gaba da fitowa har ya tsufa, kuma gefen turamensa kan yi kaifi har ya yanki kumatu da harshe, sai ya koma haɗiya ba tauna. Likitan dabbobi na da abin da yake goge su da shi. Sai tsutsa, wadda ita ma ke kawo irin wannan siffa ta babban ciki da gashi a hargitse. A ba shi magani irin su Ivermectin bisa nauyinsa, ba bisa kintace ba. In kuma dasashinsa ya yi fari fat, ko yana yawan zazzaɓi, sai a ɗebi jini, don ciwon kaska da sammore duk suna cinye doki a tsaye. Wanda ya tsallake wannan ya tafi sayen abinci, tsutsa yake kiwo.

Nauyin ma ba sai da sikeli ba. Ari tef ɗin tela, ka auna zagayen ƙirjinsa inda majayi ke bi, sannan tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk a santimita. Ka ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Misali zagaye 165, tsawo 150, zai ba ka wajen kilo 344. Yawancin dawakinmu 'yan Arewa a nan kusa suke.

Doki mai wannan nauyi yana buƙatar busasshiyar ciyawa kilo 5 zuwa 7 a yini, wato kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa. Ita ce ainihin abincinsa, hatsi ƙari ne. To amma wace ciyawa? Ingiricin da ya bushe a tsaye a daji, rana ta gama ƙona shi, furotin ɗinsa ba ya kai kashi 5 cikin ɗari, alhali doki mai aiki na neman 10 zuwa 12 a jimlar abin da yake ci. Irin wannan ciyawa takan daɗe a hanji tana jiran narkewa, shi ya sa cikin ke saukowa ƙasa, bayan kuma yana ramewa. Maganin yana nan a gonakinmu: harawar wake da ta gyaɗa. Amma mai ganye, koriya, wadda aka naɗe tun ganyen bai zube ba aka ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki. Wadda ta zama kara zalla asarar kuɗi ce. Ni nakan sa harawa ta zama kamar sulusi zuwa rabin ciyawar yini, sauran harƙiya ko kyasuwa da aka yanka tun tana ɗanya. Na san yanzu da rani ya yi nisa ɗaurin harawa ya yi tsada, amma ka lissafa kuɗin geron da kake shirin ƙarawa, ka mayar da shi can. Baɗi kuma da kaka ake tara ta.

Akwai wani sinadari cikin furotin da ake kira laisin. In ya yi ƙaranci, jiki ba ya iya amfani da sauran yadda ya kamata wajen gina tsoka, kuma gero da dawa da masara duk matalauta ne a wajensa. Waken suya ne mai arzikinsa. Sai dai ba a bayar da shi ɗanye, don yana da abin da ke hana narkewar furotin, wuta ce ke kashe shi. A soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja, kada ya ƙone, a ɓarza. Ka fara da cikin hannu guda, a hankali cikin kwana 10 ka kai gram 300 zuwa 400 a yini. Ƙuli-ƙuli ma yana taimakawa, ko da yake bai kai waken suya ba, kuma sai wanda ka yarda da gyaɗarsa. Duk abin da ya yi fumfuna, masara ce ko gyaɗa ko harawa, kada ya shiga komin doki. Rubabbiyar masara takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma da wuya ya tashi. Haka abincin kaji da na shanun kiwo na buhu: wasunsu na ɗauke da maganin da kaza ke ci lafiya, doki kuwa kaɗan ya ishe shi mutuwa.

Dussa kuma mun ɗauke ta abin da ba ya laifi, alhali tana yi. Sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam mai gina ƙashi ya yi kaɗan, kuma dokin da aka daɗe ana riƙe da shi a kan hatsi da dussa zalla jikinsa kan koma zaro kalsiyam daga ƙashi, har ka ga fuskar ta kumbura a kan hanci, ɗingishi yana yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan. Harawa na da kalsiyam, ita ke daidaita wannan. Geron da kake bayarwa ka raba shi uku maimakon zubi ɗaya, don tumbin doki ƙarami ne, bai fi lita 8 zuwa 15 ba, kuma ciyawa ta riga hatsi shiga. Kanwa a ci gaba da ba shi kaɗan yadda aka saba, amma ba ta maye gurbin gishiri: cokali biyu a yini. Ruwa kuwa da zafin nan zai iya shan lita 40 ko fiye, kada ya zama sai an tuna da shi.

Yanzu ga inda na fi so ka saurare ni, don a nan mafi yawanmu ke faɗuwa. Doki ya kwana ya yini ɗaure a turke da dabaibayi, kwana uku bai taka ko'ina ba. Ranar na huɗu a ɗaura masa sirdi, a sa masa linzami mai zobe, yaro ya haye ya zuba masa ƙaimi, a yi sukuwa, a yi zamiya, jama'a su yi shewa, a dawo da shi yana kumfa. Mu a wajenmu an motsa doki ke nan. Amma ka tsaya a gefe ka kalli siffarsa lokacin da aka finciki linzamin: kai ya tashi sama, baki a buɗe, baya ya lotsa, ƙafafun baya sun zauna can a baya suna bin jiki. Dokin da ke aiki a haka, ƙasan wuyansa ne ke kauri, bayansa kuwa ƙanƙamewa yake yi don ya kare kansa, kuma tsokar da ke ƙanƙame ba ta girma.

Jikin doki baka ne da tsirkiya. Ƙashin baya shi ne bakan, tsokar ciki ita ce tsirkiyar. In ya sauke kai, ya shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, tsirkiya ta ɗaure, baka ya tanƙwaro sama, sai bayan ya ɗauki mahayi da tsoka. Duk horon da zan faɗa maka, wannan siffar ake nema da shi.

Tafiya ce tushen aikin. Kilisa ta minti 30 da safe, tana ƙaruwa zuwa awa guda, kwana biyar a mako, kwana biyu hutu, don a hutun ne tsokar ke cikowa. Ba tafiyar jan ƙafa ba, tafiya mai kuzari wadda in ka duba sawu a ƙasa za ka ga kofaton baya ya taka gurbin na gaba ko ya wuce shi. Ka sakar masa ragama ya miƙa wuya gaba da ƙasa. Linzamin hawa ka rataye shi sai ranar hawa, ka nemi mai sauƙi irin na 'yan ƙwallon dawaki. A makon farko da na biyu, tunda bayansa a rame yake, ja shi za a yi da hannu, ba hawa ba. Sassarfa sai ya shiga mako na uku, ita ma gajeriya.

Sai gangara da hawa. Mutanen Kazaure da Dutse da Rano sun huta, tudu na bakin ƙofarsu. Mu nan ƙasar Ringim sai mu nemi gaɓar kogi ko bakin tsohon kududdufi da ya ƙafe. Hawa a hankali, a miƙe, da tafiya. Zai so ya zabura ya haye da gudu don ya fi masa sauƙi, kada ka bari, a tafiyar ne kuturi ke aiki. Saukowa ma taki ɗaya-ɗaya. Yashi mai zurfi kuwa a yi hattara da shi, yana gajiyar da jijiyar ƙafa tun tsoka ba ta amfana ba. A gida, ka jera itace huɗu ko biyar masu kaurin azara a ƙasa, tazarar kamar santimita 80, ka ja shi ya tsallaka yana ɗaga ƙafa yana kallon ƙasa. Ka koya masa ja da baya, taki biyar ko shida, kai a ƙasa, ba da fizga ba. Wani abu kuma da nake yi bayan an goge shi: ka tsaya daf da kafaɗarsa, ka sa yatsu a tsakiyar cikinsa bayan gurbin majayi, ka danna sama kana ɗan sosawa. Za ka ga bayan ya taso da idonka, kwarin nan ya cike na ɗan lokaci. Riƙe shi daƙiƙa 5 zuwa 10, ka saki, ka maimaita kaɗan. Ingarma ne, ka kula da ƙafar baya ranar farko. Ciyawarsa ma a ƙasa za a zuba, ba a rataye sama ba, kuma a kwance shi daga turke ya yi birgima ya zazzaga ko da awa biyu ne.

Sirdi kuma ka bincike shi. Bayan kilisa ka sauke shi ka dubi gumin. In duk wurin ya jiƙe sai wasu tabo biyu busassu a bayan kafaɗa, nan sirdin ke cizo. In farin gashi ya fara fitowa a wajen, ya daɗe yana yi. Tara zubka a ƙarƙashin sirdin da ya matse ƙara matsi ne, sai dai a kai wa mai gyara ko a sauya. Ka kuma haɗa nauyinka da na sirdi da kayan ado: abin da masana ke so kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin doki, wato wajen kilo 70 ga irin naka. Kayan hawanmu kuwa ka san ba su da sauƙi.

Wani zai zo maka da raɗa cewa akwai allura ko ƙwaya, deksa (Dexamethasone) da 'yan'uwanta, mako biyu doki ya cika. Ruwa ne da kumburi. Ita wannan ƙwaya tsokar ma take zaizayewa, kuma takan jawo ciwon kofato da ke sa doki tsayuwa a kan dunduniya ya kasa taki.

Maganar mako biyar kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Canjin da ido zai gani a baya yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, cikar gaske kuma watanni. A mako biyar za ka samu gashi ya kwanta, ciki ya ɗan ɗage, tafiya ta yi kyau, amma ƙashin bayan bai ɓuya ba tukuna. In da nawa ne, zan hau shi ranar sallah kawai, da kaya marasa nauyi, ban da zamiya, hawan bariki kuma in ari wani dokin ko in sa yaro mara nauyi a kansa. Ka ɗauki hotonsa yau daga gefe da kuma daga baya, yana tsaye a wuri mai daidai, ka sake ɗauka a wuri ɗaya bayan mako huɗu ka turo mana. Ka kuma gaya mana abin da ka gani a kashin, da abin da likita ya ce game da haƙoran.