Amsa ga 'yar uwar da ke neman littattafan zamanin Rinesans

'Yar uwa wallahi tambayarki ta taɓa ni. Kin ce an ba ki aiki a kan birnin Fulorans na Italiya a zamanin Rinesans, wato lokacin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai, lokacin da gidan attajirai na Medici ke riƙe da shi, kin shiga laburaren makarantarku ba ki samu komai ba sai tsofaffin littattafai da suka girme mu duka, kina tambaya ina za ki dosa. Ni nawa aikin a kan Hasan al-Wazzan ne, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, mutumin da aka buga littafinsa a Benis a 1550 har ya ambaci Kano da Katsina da Gobir, to dole ni ma na shiga tarihin Italiya tsundum, irin wahalar nan na sha ta.

Abu na farko, da yawa daga abin da aka rubuta a zamanin kansa kyauta yake a archive.org, wani laburaren intanet. Tarihin Fulorans na Machiavelli, tarihin Italiya na Guicciardini, tarihin masu zane na Vasari, duk akwai tsofaffin fassarorinsu na Turanci, ki sauke PDF kawai. Sababbin littattafai ne ciwon kai, kuma su malamai suke son gani.

Ni a kan sabon littafi guda ɗaya aka kusa sa ni barin karatun. A laburarenmu katin katalog ya nuna akwai shi, lamba ta fito, aka ce yana ɗakin da ake kulle littattafai, mukulli yana hannun wani bawan Allah. Yau ya tafi ɗaurin aure, gobe yana mitin, jibi yana nan zaune a gabana yana cin gyaɗa ya ce in kawo takarda daga shugaban sashe. Na kawo, ya juya ta ya ce ba hatimi. Na koma aka buga hatimi, ya ce ai wanda ya sa hannu riƙon ƙwarya yake yi ba ya karɓa. Ina tsaye da kuɗin mota na rance, malamin da ke duba min aiki yana ta kira wai ina babi na biyu. Ranar da ya ga dama ya buɗe, na ɗauko littafin hannuna har rawa yake, na buɗe, wallahi babin da nake nema wani ya sa reza ya yanke shi tas. Na nuna masa, ko ɗago kai bai yi sosai ba ya ce to ni ya zan yi miki. Ko haƙuri bai ba ni ba. A matattakala na zauna na yi kuka kamar yarinya, har yau in na tuna gyaɗar nan raina ɓaci yake. Allah ya isa ban ce ba amma ban manta ba.

To kar ki tsaya jiran kowa. Ki buɗe akawun na kyauta a JSTOR, rumbun mujallun ilimi a intanet, suna barin mutum ya karanta wasu maƙaloli kyauta kowane wata, a nan mujallar Renaissance Quarterly take. Littafin da kika rasa ki nemi sharhin da masana suka yi masa a mujallar, shafi biyu ne amma za ki gane hujjar marubucin. Kuma ki riƙa tura wa marubutan imel, ba abin kunya ba ne, ni wata farfesa da kanta ta turo min babi.

Af, kafin in manta, a laburaren naku kar ki yarda da katalog kaɗai, ki je kanta da ƙafarki. In tsarin haruffa suke bi ki duba wajen DG 737, in na Dewey ne, wato na lambobi, ki duba 945.5. Amma littafin Raymond de Roover a kan bankin Medici, wanda aka kafa 1397 ya rushe 1494, galibi ɓangaren kuɗi da banki ake kai shi, ba za ki gan shi a tarihi ba. Kuma tunda Fulorans ce ki nemi Catasto na 1427, ƙidayar haraji ce gida gida da dukiyar kowa, Jami'ar Brown ta Amurka ta sa ta Fulorans a intanet kyauta. Kaɗan ne a nan suke taɓa ta, in kika yi amfani da ita aikinki zai fita daban.

Littafin Jacob Burckhardt a kan Rinesans na Italiya kam za ki same shi ko'ina, ki karanta amma ki tuna na 1860 ne, mai jarrabawa na waje in ya ga a kansa kika jingina komai zai tsare ki ranar kare aiki. Aron littafi na archive.org ma ya ragu sosai tun da kamfanonin ɗab'i suka yi nasara a kansu a kotu a 2023, don haka abin da ya saukar miki yau ki ajiye a filash, ki tura wa kanki a imel.

Sauran waɗanda suka gagara ki duba WorldCat, katalog na laburarorin duniya a intanet, ki ga wace jami'a ke da su, sai ki rubuto sunayen a nan, akwai 'yan uwa masu karatu a Ingila da Turkiyya da za su iya ɗaukar miki hoton babin da kike so. Ki faɗa mana kuma wane Medici ne, Cosimo ko jikansa Lorenzo, don littattafan ba ɗaya ba ne.