Tambaya da Amsa: Shinkafar Ranar 7 ga Maris

Tambaya: Malam, maƙwabciyata a kasuwar Kejetia Kirista ce, sunanta Perpetua. Ran 7 ga Maris ta kawo mini shinkafa, wai ranar da aka kashe takwararta ce. Ana murna da ranar kisa ne? Daga wata 'yar Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, takwarar nan 'yar Afirka ce. A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, aka jefa ta ga namun daji a shekarar 203, ita da wata baiwa, Felisita, don sun ƙi barin addininsu. Perpetua tana da goyo lokacin.

Kiristocin farko kan kira ranar mutuwar shahidi ranar haihuwarsa, wato shigarsa aljanna. Tun wajen 155, da aka kashe Polikarp, shugaban Kiristocin Simirna, cikin Turkiyya ta yau, mabiyansa suka tsince ƙasusuwansa, suka ajiye, don su riƙa taruwa a wurin duk shekara. Da Sarkin Rum Konstantin ya halatta addinin a 313, sai aka shiga gina majami'u bisa kaburburan shahidai.

Maganar abinci kuwa tsohuwa ce. A da, Kiristocin Arewacin Afirka kan kai shi har kabarin shahidi, a ci a sha, wasu har su bugu. Monika, mahaifiyar Agustin, babban malamin Kirista na Arewacin Afirka, ta je kaburburan shahidai a Milan, cikin Italiya, da kwandonta na fate da burodi da ruwan inabi, mai gadi ya tare ta a ƙofa, ya ce Bishop Ambros ya hana. Na so ganin fuskarta! Ba ta ja ba, ta daina.